Yadda Jimina Ta Riƙe Lambun Inna Dorina

An yi wata tsohuwar Dorina mai lambu a bakin kogi. Kowa Inna yake ce mata. Da rani, lokacin da ko'ina ya bushe, lambunta kore shar yake. Ga albasa, ga tumatir, ga kabeji manya-manya kamar ƙwarya.

Ba ita kaɗai take aikin ba, tana da ma'aikata. Baba Jaki ne yake ɗauko ruwa daga kogi a tuluna, ya juye a wani ɗan tafki da ke saman lambun. Kurege, mai saurin fushi, shi yake haƙa hanyoyin da ruwan ke bi ya shiga komaye, wato 'yan filayen da aka yanka wa kowace shuka, kowane ɗaya ana ce masa komi. Iya Hawainiya kuma ganye take bi ɗaya bayan ɗaya tana tsince tsutsa.

Sai Bushiya. Ita ba ta haƙa, ba ta ɗaukar tulu. Da safe takan zaga ta gaida kowa, ta ji yadda aka tashi, ta faɗa wa kowa inda zai fara. In an ɗauki sabon ma'aikaci, ita ke zama da shi har hannunsa ya faɗa. In Kurege ya tsokani Baba Jaki, abin da ba a kwana uku bai faru ba, ita ke shiga tsakani.

Akwai kuma Jimina, wadda ta zo bara. Aikinta kai kwandunan kaya kasuwa. Kafin raɓa ta bushe a jikin tumatir, ta isa ta dawo. Ta iya aikinta ƙwarai, sai dai ta san ta iya, kuma tana son kowa ya sani.

Wata safiya aka aiko wa Inna cewa 'yarta ta haihu a can ƙasan kogi. Dole ta je wankan jego, kuma ba za ta dawo ba sai an yi arba'in.

Tana cikin ɗaure kaya sai ga Jimina.

"Inna, wa za ki bar wa lambun?"

"Ina tunani dai."

"Tunanin me kuma? Dube ni. Daga nan inda nake tsaye ina hango ƙarshen lambun. Wa ya kai ni sauri? Wa ya san kasuwa kamar ni? Ki bar mini, kafin ki dawo sai amfanin ya ninka."

Hankalin Inna yana kan jikanta, ga maganar ta yi mata daɗi. Ta ce, "To shi ke nan, na bar miki. Amma duk abin da ya shafi ma'aikata, ki riƙa shawara da Bushiya."

"Kada ki damu, Inna."

Inna ta faɗa ruwa, ta bi kogi ta tafi.

Ko kumfar ruwan ba ta gama kwanciya ba, Jimina ta tara kowa a gindin mangwaro.

"Daga yau ba Yaya Jimina ba, Shugaba za ku riƙa ce mini. Kuma na lura akwai nawa a lambun nan. Yanzu za mu yi tsere daga nan zuwa bakin kogi, in ga mai amfani da marar amfani."

Kurege ya ce, "Tsere? Mu da muka zo noma?"

"Ka yi mini shiru. Ɗaya, biyu, uku!"

Jimina da kanta ta shiga tseren, ita ce kuma ta zo ta ɗaya. Kurege ya biyo ta yana ƙunƙuni, sai Baba Jaki, sai Bushiya tana haki. Da aka waiwaya, Iya Hawainiya ko inuwar mangwaron ba ta fita ba. Ƙafarta ɗaya tana sama, tana shawarar inda za ta ajiye ta.

Jimina ta dawo ta tsaya a kanta.

"Iya, ki tafi gida ki huta. Aikin nan ya fi ƙarfinki."

Bushiya ta matso. "Shugaba, ki dakata. Aikin Iya ba na gudu ba ne, na ido ne. Tsutsar da take gani a bayan ganye, ni da ke sai mu wuce ta sau goma ba mu gan ta ba."

"Na tambaye ki? Ke ma ɗin, mene ne aikinki a nan? Kullum ina ganinki kina yawo kina gaishe-gaishe."

"Ina kula da masu aikin."

"Yara ne su? Daga yau ki koma cire ciyawa."

Iya Hawainiya ba ta yi musu ba. Jikinta dai ya rikiɗe ya koma kalar toka. Ta ce, "To, 'yar nan, Allah ya ba da sa'a." Ta juya a hankali, ba ta kai bakin shinge ba sai azahar.

Washegari wani Bunsuru ya leƙo, gemunsa a taje, yana taku ɗai-ɗai.

"Ranki ya daɗe! Tun daga nesa na hango ki na ce wannan ita ce mai wurin. Irin wannan wuya, irin wannan tafiya! Na ji kina neman mai duba ganye."

Jimina ta ƙara miƙe wuya. "Kana da sauri?"

"Ranki ya daɗe, komi goma nake gamawa kafin wani ya gama ɗaya."

Bushiya ta ɗago kai daga cikin ciyawa. "Malam, a ina ka taɓa aiki?"

"Lambuna da yawa."

"Ka daɗe a cikinsu?"

"A'a, ban cika daɗewa ba."

"Me ya sa?"

Bunsuru ya yi tari. "Hassada ce kawai irin ta mutane."

Bushiya ta ce a hankali, "Shugaba, ki bari in je in tambayi ko mutum ɗaya cikin waɗanda ya yi wa aiki. Yini ɗaya ya isa."

"Ba ni da yini ɗaya na ɓatawa. Malam Bunsuru, ga kabeji can, na damƙa maka."

Bunsuru ya haɗiyi yawu. "Kin damƙa wa mai riƙon amana."

A da, in rana ta take, kowa yakan zo gindin mangwaro a sha ruwa a miƙe ƙafa. Jimina ta soke wannan. Ta ce Baba Jaki ya riƙa yin sawu ashirin zuwa kogi maimakon goma sha biyu.

Baba Jaki ba mai magana ba ne. Ya yi kwana huɗu yana yi. A na biyar Bushiya ta lura yana tafiya a karkace. Ta ɗaga akumarin da ke bayansa, wato shimfiɗar da ake ɗora kaya a kai, ta ga ya tsufa ya ci masa fata har ya yi ciwo.

Ta je ta sami Jimina.

"Shugaba, bayan Baba ya yi ciwo. A ba shi kwana biyu ya huta, a kuma ɗinka masa sabon akumari."

"Shi ya aiko ki?"

"Ba zai taɓa faɗa ba. Shi ya sa nake dubawa."

"Wanda bai yi kuka ba lafiyarsa ƙalau. Koma bakin ciyawarki."

Kwana biyu bayan haka, Baba Jaki yana hawowa daga kogi da tsakar rana, ƙafarsa ta goce, ya durƙushe. Tuluna biyu suka tarwatse.

Jimina ta iso da gudu. Ba ta tambaye shi ko ya ji ciwo ba.

"Tsohon banza! Tulu biyu! Ko tafiya ba ka iya ba?"

Baba Jaki ya tashi da ƙyar. Ya dube ta, ya dubi lambun da ya yi shekara goma sha ɗaya yana shayarwa.

"Inna ba ta taɓa zagina ba," in ji shi. Ya sauke akumarin a gabanta, ya kama hanyar gida.

Jimina ta juya. "Kurege! Daga yau kai ne mai ɗauko ruwa."

Kurege ya fito daga rami, ƙasa duk a hancinsa. "Ni? Kin ga tulun kuwa? In na shiga cikinsa sai in yanka ɗaki da zaure, har da wurin baƙi!"

"Ka ce ba za ka yi ba?"

"Na ce ba zan iya ba. Haƙa na iya, ki bar ni in yi haƙa."

"A nan abin da na ce shi ake yi."

"To, ki ce wa tulun ya tafi kogi da kansa!" Kurege ya kaɗa jela, ya tsallake shinge.

Da Jimina ta nufi wajen kabeji don ta huce, sai ta tarar babu kabeji. Kututture kawai suka rage a jere, kamar an yi musu aski. Bunsuru yana kwance a komi na ƙarshe, cikinsa ya yi tulu, yana tuƙa.

"Me ka yi?"

"Ranki ya daɗe, na duba ganyen sosai. Duk wanda na ga tsutsa a jiki na kawar da shi."

"Duka?"

"Ai duka da tsutsa. Tun da tsohuwar Hawainiyar nan ta tafi suka yi yawa."

Jimina ta kai masa shuri. Ya goce, ya bi ta ƙarƙashin shinge, ba a ƙara ganinsa ba.

Lambu ya rage daga Jimina sai Bushiya. Tumatir ya fara langaɓewa, ganyen albasa ya fara ja.

"Ke ba za ki tafi ba?" Jimina ta tambaye ta.

"A'a. Inna ta bar mu tare."

Bushiya ba ta faɗa mata cewa kullum in an tashi aiki takan biya gidan Baba Jaki ta shafa masa man kaɗanya a baya ba. Daga nan ta leƙa Kurege ta saurari masifarsa har ya gaji, ta kuma tsaya wajen Iya Hawainiya su gaisa.

Jimina ta ce, "Ba na bukatar kowa. Ni kaɗai zan yi, ki zuba ido."

Ta rataya tulu a wuya ta dinga zirga-zirga tsakanin kogi da tafki. Saboda gudu, rabin ruwan a hanya yake zubewa. Kwana uku ta yi tana fama kafin tafkin ya cika. Wuyanta ya yi tsami, ƙafafunta sun kumbura.

Saura buɗe hanyar ruwa. Kurege yakan ɗan ƙwaƙule bakin tafkin ne kaɗan, ruwa ya silalo a hankali, in komi ya sha ya toshe ya buɗe na gaba. Jimina ba ta taɓa tsayawa ta kalli yadda yake yi ba.

Bushiya ta ce, "Shugaba, a hankali. Gefen nan ƙasa ce kawai."

"Matsa!"

Ta ɗaga ƙafa ta narka wa bakin tafkin shuri. Gefen ya burme gaba ɗaya. Ruwan kwana uku ya kwararo lokaci guda, ya tumɓuke albasa, ya kwashe ƙasar komaye, ya tara taɓo a gangare. Jimina ta zame ta bi shi. Da ta yunƙura za ta tashi, sai ƙafafunta suka lume har cinya.

Ta fizga, ta ƙara nutsewa. Ta buga fukafukai, taɓo ya fallatsa mata a ido. Rana tana tsaka, tana dukan kanta.

"Bushiya! Ciro ni!"

Bushiya ta tsaya a kan tudu. "Dube ni, dube ki. Ko farcenki ba zan iya ɗagawa ba. Amma na san masu iyawa."

Jimina ta kau da kai. "Ba za su zo ba."

"Ban sani ba. Me zan ce musu?"

"Ki ce Shugaba ta ba da umarni su zo yanzu."

Bushiya ta nemi wuri ta zauna. "Da wannan saƙon gara in huta a nan. Wahalar banza zan yi."

Taɓo ya kai wa Jimina ciki. Ta ji sanyinsa, tsoro ya kama ta.

"Gwaggo Bushiya," ta ce, "ki ce musu Jimina ce take roƙo. Ki ce na yi kuskure."

Bushiya ta dunƙule, ta gangara kamar ƙwallo. Ba a taɓa ganin ta yi sauri irin na ranar ba.

Kurege ne ya fara isowa. Ya tsaya ya ƙare wa Jimina kallo, ya riƙe ƙugu.

"Ikon Allah! Shugaba, tseren ne ya kawo ki nan? Ke ce ta ɗaya ko?"

"Kurege, bari," in ji Bushiya.

"Ki bar ni in ɗan faɗa, Gwaggo, kwana nawa ina tara ta!"

Amma yana magana idonsa yana auna gangaren. Kafin ya rufe baki ya fara haƙa. Ya yanka wata siririyar hanya daga gefen taɓon zuwa kogi, ruwan da ya taru ya fara janyewa.

Sai ga Baba Jaki da igiya a baki. Bushiya ta bi ta kan wani reshe ta kai wa Jimina bakin igiyar, ta nuna mata yadda za ta zarga ta a ƙarƙashin fukafukai.

"Baba, bayanka fa?" Bushiya ta tambaya.

"A ƙirji zan ɗaura."

Ya kafa kofato ya ja. Kurege yana ƙwaƙule taɓon da ke riƙe da ƙafafun yana ihu, "Ja, Baba! Ke kuma daina shure-shure, za ki fasa mini kai!" A ja na uku aka ji fyat, Jimina ta fito ta zube a kan tudu. Ba a gane gashinta, ta zama dunƙulen laka mai ido biyu.

Ta daɗe a kwance tana numfashi. Sannan ta ja jiki zuwa gaban Baba Jaki, ta sunkuyar da dogon wuyanta har ƙasa.

"Baba, na zage ka a gaban mutane, kai da ka haife ni. Ka yafe mini."

"Ya wuce, 'yata. Tashi ki wanke jikinki."

Ana cikin haka, la'asar ta yi, aka ji motsi a bakin shinge. Iya Hawainiya ce, ta ɗaga ƙafa ɗaya.

"Ina take? Na zo ceto."

Kurege ya faɗi ƙasa don dariya. Baba Jaki ma sai da ya yi. Jimina kuwa hawaye ne suka zubo mata, don ta gane tun azahar tsohuwar take tafe saboda ita.

Washegari Jimina ta sake tara su a gindin mangwaro. Wannan karon zama ta yi, kanta ya zo daidai da nasu.

"Ban san aikinku ba," ta ce. "Ku faɗa mini. Baba, me kake bukata?"

"Sabon akumari, da hutun rana. Sawu goma sha biyu ya ishi lambun."

"Kurege fa?"

"A bar ni da ramina. Kuma in za a canja wani abu a hanyar ruwa, a tambaye ni tukuna. Kuma a daina ce mini in yi shiru."

"Wannan na ƙarshen da wuya," in ji Bushiya.

"Iya, ke fa?"

Iya Hawainiya ta juya ido ɗaya wajen Jimina, ɗayan yana kallon tumatir. "Ni aikin ba ya ba ni wuya. Zuwan ne. Kafin in iso komayen can ƙarshe, hantsi ya dubi ludayi, tsutsa ta ƙoshi."

Jimina ta riƙe maganar a ranta.

Suka kama aiki. Bushiya ta koma zagayenta, ta raba wa kowa inda zai fara. Kurege ya gyara bakin tafki, ya kuma koya wa Jimina yadda ake buɗe ruwa, yana yi yana mata faɗa. Kabeji dai ya tafi, rabin albasa ma ta tafi. Tumatir ne ya farfaɗo.

Ranar da aka cika arba'in, Inna Dorina ta fito daga kogi tana fesar da ruwa ta hanci. Ta tsaya ta dubi wurin kabeji, ta dubi wurin albasa.

"Ina amfanin da aka ce zai ninka?"

Kurege ya buɗe baki, Bushiya ta taka masa jela. Jimina ta matso da kanta ta faɗi komai, tun daga tsere har taɓo. Ba ta rage ko ɗaya ba.

Inna ta nisa. "Laifin ba naki ba ne ke kaɗai. Ni ma na yi abin da kika yi da Bunsuru. Na ji magana mai daɗi, na ba da aiki ban duba ko mai shi ya dace da shi ba." Ta juya. "Jimina, shugabancin dai kin sauka. Bushiya, daga yau duk wanda za a ɗauka, da inda za a sa shi, da kukan da zai kawo, a hannunki suke. Da ma ke kike yi, ni ce ban faɗa da baki ba."

Jimina ta sunkuyar da kai. "In tattara kayana ke nan, Inna?"

"Ki je ina? Wa zai kai mini tumatir kasuwa kafin ya yi laushi? Ni? A nan babu wanda ya kai ki, kuma ina son abina."

Tun daga ranar, duk wanda ya bi ta bakin kogin da sassafe yakan ga abin mamaki. Kafin Jimina ta ɗauki kwandon kasuwa, sai ta biya ƙofar Iya Hawainiya ta durƙusa. Tsohuwar ta hau bayanta, ta naɗe jela a gashinta, a nufi komayen ƙarshe.

"'Yar nan, rage gudu! Kaina yana juyawa!"

"Iya, wallahi tafiya nake yi!"

"To rage tafiyar."

"In na rage fiye da haka ai tsayuwa ce!"

"Yawwa, ita nake so."

Haka suke yi kullum har su isa. Jimina ta sauke ta a kan ganyen farko, ta ce, "Sai na dawo, Iya. Me zan sayo miki?" Iya kuwa ta riga ta hango tsutsa, ba ta ma ji ba.

Darasin da ke cikin labarin nan shi ne, duk wurin da ake aiki tare, ko lambu ne, ko makaranta, ko kamfani, masu aikin su ne ƙarfinsa. Shugaba na gari yakan bincika kafin ya ɗauki mutum, ya sa kowa a inda ya iya, ya koya wa wanda bai sani ba. Yakan saurari kukan na ƙasa da shi, har da wanda kunya ta hana shi faɗa, kuma ba ya auna kowa da abin da shi kaɗai ya ƙware a kai. Yara, in wata rana aka ba ku riƙon wasu, ku fara da tambayarsu abin da suka iya da abin da suke bukata. Wanda girman kai ya hana shi tambaya, ranar da ya shiga taɓo zai nemi waɗanda ya kora.